Ranar da Muka Mayar da Yaya Shagon Walda

Ranar da aka kunna wa Yaya na'urar da aka dasa masa, na manta da bakina a buɗe har sai da matarsa ta zungure ni.

Muna ɗakin likita, ni da ita da babban ɗansu. Yaya na kan kujera, hannunsa na dama na ta kaɗawa a kan cinyarsa kamar yadda ya yi shekara da shekaru yana yi. Likitar, wata siririyar mace mai magana ƙasa-ƙasa, ta ɗora wani ɗan abu a saman ƙirjinsa, daidai inda batirin yake a ƙarƙashin fata, ta koma tana latsa allon da ke hannunta. Ta ce ya miƙa hannu. Ya miƙa, hannun na rawa. Ta latsa, ta jira, ta sake latsawa. Sai hannun ya tsaya.

Cak fa nake nufi, kamar yaron da aka daka wa tsawa. Yaya ya juya tafin, ya kalli bayansa, ya dunƙule, ya buɗe. Likita ta miƙa masa kofi cike da ruwa. Mutumin da in ya ɗauki kofi sai an canja masa riga, shi ne ya kai wannan baki ya shanye, ko ɗigo bai zuba ba. Duk bakin maganata, abin da ya fito mini kawai shi ne salati. Ɗan kuwa, ƙato da gemunsa, ya fashe da kuka yana cewa, "Baba, shi ke nan! Ka koma walda!"

Yaya bai amsa ba. Matarsa ta sunkuya tana gyara igiyar jakarta. Ni na ɗauka murna ce ta ɗaure musu harshe.

Sai wanda ya san Yaya zai gane kukan yaron nan. Tun ina 'yar firamare yake walda. Ƙofofi, tagogi, tankunan ruwa, gadajen ƙarfe, babu abin da bai haɗa ba, kuma in ya haɗa ƙarfe biyu sai ka bi da yatsa kana neman inda aka haɗa. Ba ya yabon aikin kowa, ciki har da nasa. Kalmar "ban iya ba" kuwa ban taɓa jin ta a bakinsa ba, ko a kan abin da kowa ya san bai iya ba, irin su dafa shayi. Da ciwon karkarwa ya fara masa, daga ɗan yatsa ya fara, ya riƙa ɓoye hannun a aljihu yana mana faɗa in mun kalla. Ranar da ya ɗaga gilashin walda daga fuskarsa ya ga layin da ya ja ya karkace kamar tafiyar mashayi, ya rataye gilashin a ƙusa, ya wanke hannu, ya tafi gida. Bai sake taka shagon ba, ko ta titin ba ya yarda a bi da shi.

Ɗan ne ya riƙe shagon. Injiniya muke ce masa tun yana ƙarami, saboda babu rediyon da ya shigo gidan ya fita da ransa. Ya iya aiki, ba laifi, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma teburin ubansa bai taɓa bari kowa ya ɗora ko guduma a kai ba, shi kansa a wani ƙaramin tebur yake aiki kusa da ƙofa. In aiki ya yi yawa aka ce a yi amfani da babban, sai ya ce, "Na Baba ne. Zai dawo." Haka gilashin nan ya zauna a ƙusarsa yana shan ƙura, mu kuma duk wanda ya je gaida Yaya addu'arsa ɗaya ce, Allah Ya ba da lafiya a koma bakin aiki.

Da farko ƙwayoyi sun yi masa aiki. Daga baya suka zama kamar baƙon da ba ya zama, ya sha yanzu, kafin a jima jikin ya sake sandarewa, hannun ya ci gaba da kiɗansa. A nan ne likitoci suka kawo maganar aikin. Da aka ce mini za a huda ƙoƙon kansa a zura wayoyi sirara har cikin ƙwaƙwalwa, yana farke yana jin su don su riƙa tambayarsa yadda yake ji, sannan a bi da wayar ta ƙarƙashin fatar wuya zuwa wani batiri a ƙirji, sai na dafe kaina da hannu biyu na ce ba da yawuna ba.

Yaya ya dube ni ya ce, "Kanki za a huda?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To riƙe yawunki."

Likita ta yi mana bayani cewa ba warkewa ba ce, ciwon yana nan. Wuta ce 'yar kaɗan na'urar za ta riƙa aikawa wurin da ke rikita saƙo a ƙwaƙwalwa, ta kwantar da shi, muddin tana kunne. Sauran zaman da aka yi kafin aikin, Yaya da matarsa kaɗai ke shiga, ni da Injiniya muna benci a waje muna kallon masu wucewa.

Bayan an kunna, sai da aka yi watanni ana komawa ana daidaita ƙarfin wutar, aka kuma rage masa ƙwayoyi sosai. Ya koma saka maɓallin rigarsa da kansa. Ya koma yanke farcensa, har ya yanke na jikokinsa ko ba su yi tsawo ba. An ba su wani ɗan rimot na dubawa ko na'urar na kunne, da kunna ta in ta mutu, yana zaune a jakar matarsa. Abu ɗaya ne bai motsa ba. Duk sanda Injiniya ya ce, "Baba, yaushe za ka leƙo shago?" sai ya ce da sauran lokaci, ya ɗauko wata hira.

Wata rana da yamma Injiniya ya zo gidana ya zauna a bakin kujera kamar mai neman aure.

"Gwaggo, na gano abin da ke damun Baba. Kunya ce. Yadda ya bar wurin nan, ba zai iya komawa da ƙafarsa ba sai an kai shi. In ya ji ƙarfe a hannunsa, shi ke nan."

Na ce, "Wallahi ka yi tunani. Ashe kan nan ba na ɓata rediyo ba ne kaɗai."

"Amma don Allah kada Mama ta ji. Kin san ta."

Na san ta kuwa. Matarmu nake ce mata, kuma duk duniya babu wadda nake jin daɗin tsokana kamarta. Mace ce mai kirki har ya yi mata yawa, sai dai in ta ji magana da hantsi, kafin azahar mai kantin bakin layi ya ji, har da ƙarin da ba a faɗa ba. Muka yi dariya muka rufe maganar.

Ranar da aka sa, da safe muka je muka ce za mu fita da Yaya ya sha iska. Matarmu na wanke-wanke, ta ɗaga murya daga ciki ta ce kada mu daɗe, rana na yi. Yaya ya zauna a gaba yana ta gyara wa Injiniya tuƙi. Sai da motar ta karya kwanar titin shagon ya yi shiru.

"Kai, ina za ka kai ni?"

"Mun iso ai, Baba."

An share wurin tas, an sake fentin ƙofa. Ma'aikatan duka suna tsaye a waje, manyan mutane masu iyali, yawancinsu a hannunsa suka koyi riƙe ƙarfe. Suna ganinsa suka ɗauki tafi da ihu, "Oga ya dawo! Oga ya dawo!" Masu shagunan kusa suka fito, mai faci ya bar tayarsa a ruwa ya taho. Yaya ya fito daga mota ya tsaya riƙe da murfin. Na ga hancinsa ya buɗe yana shaƙar warin ƙonannen ƙarfe. Suka kewaye shi, wannan ya kama hannu, wannan ya durƙusa, da haka da haka har suka shigar da shi ciki ba tare da ya ce zai shiga ba.

A kan babban teburin an kwantar da wata ƙofar gida, an gama komai, an bar haɗi ɗaya a kusurwa. Dogo, wanda ya fi kowa daɗewa a shagon, furfura ta fara cin gemunsa, ya ciro gilashin daga ƙusa, ya goge da gefen rigarsa, ya miƙa da hannu biyu.

Yaya ya kalli gilashin, bai karɓa ba. Ya ce, "Ku bari sai wani lokaci."

Injiniya ya ce, "Baba, ko kai ba ka yarda da hannun nan ba, mu mun yarda da shi."

Wurin ya yi tsit, kowa na murmushi yana jira. Ni kuma da bakina ba ya ganin shiru ya ƙyale, na ce, "Haba Yaya, ko dai an manta ne?"

Aka yi dariya. Ya juyo ya yi mini wani kallo da ban gane ba, sannan ya miƙa hannu ya karɓa.

Dogo ya kunna injin, ya fara gurnani. Yaya ya ɗauki mariƙin, ya maƙala sandar walda, sannan ya yi abin da duk wanda ya koya a hannunsa yake yi har yau: ya ɗaga kakkaurar wayar injin ya rataya a kafaɗa, ta sauko ta kan ƙirjinsa, don nauyinta kada ya ja masa hannu. Ma'aikatan suka kalli juna suna gyaɗa kai. Ya kare fuskarsa da gilashin, ya ƙyasta sandar a jikin ƙarfen, shuɗiyar wuta ta tashi. Muka kau da ido. Ina jin ƙarar nan mai kama da suya, a daidaice, ba yankewa, tartsatsi na zuba a kan takalmansa. Injiniya ya kama hannuna ya matse har ya yi mini zafi.

Sai Yaya ya yi wata guntuwar ƙara da ban taɓa ji daga bakin babban mutum ba. Kansa ya fizgu baya, mariƙin ya faɗi a kan teburin. Ya ja baya taku ɗaya, ya dafa ƙirji. Kafin wani ya ce me ya faru, hannun ya fara.

Na sha ganin karkarwar Yaya, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Hannun ya riƙa dukan cinyarsa kamar ba nasa ba, ƙafar ta kama, haɓarsa ta kama. Gilashin da ke ɗaya hannun ya riƙa bugun gefen teburin, ƙwas-ƙwas-ƙwas, ya kasa sakinsa. Yana so ya yi magana, baki ya ƙi buɗewa sosai, sai idanu. Dogo ya yi tsalle ya kashe injin. Wani ya ce shanyewar jiki ce, wani ya ce wuta ce ta ja shi, wani ya ruga neman ruwa. Mutanen da suka cika ƙofa suna tafi ɗazu suka tsaya kamar an dasa su. Injiniya ya rungume ubansa ta baya yana ta cewa, "Baba! Baba!" kamar wannan ne maganin.

Ban san yadda na lalubo lambar Matarmu ba.

"Kada ki tayar da hankalinki," na ce. "Muna shago, Yaya ne ya ɗan..."

"Wane shago?"

"Shagonsa. Ya ɗan taɓa walda ne, sai..."

Ta kurma ihun da sai da na janye wayar daga kunnena.

"Walda? Na shiga uku! Ku fitar da shi! Ku nesa da shi daga injin nan, ku kai shi waje, yanzu-yanzu! Kada wanda ya ba shi komai, ga ni nan!"

Aka ɗauke shi kamar buhu aka tsallaka titi da shi, aka zaunar a bencin mai faci. Mutumin da bai yarda a gan shi yana shan ruwa a gaban baƙo ba saboda hannun nan, ga shi a bakin titi, masu motoci na rage gudu suna leƙe. Na cire mayafina na tsaya na kare shi, ban san me zan yi ba bayan wannan.

Tasi ta tsaya, Matarmu ta fito da takalmi wari-wari, hannunta har da sauran kumfar sabulu. Ba ta kalli kowa ba. Ta durƙusa a gabansa, ta zaro rimot, ta ɗora a ƙirjinsa, ta ƙura wa allon ido.

"A kashe take," ta ce.

Ta latsa. Muka jira. A hankali dukan ya ragu, ya koma kaɗawa, kaɗawar ta koma ɗan motsi, sannan hannun ya kwanta a kan cinyarsa. Yaya ya ja dogon numfashi ya rufe ido. Mai faci ya ce, "Ikon Allah," ya zauna a ƙasa daɓas.

Na shirya wa ihunta, don na san za ta tara mana jama'ar titin nan kaf. Amma da ta miƙe, a hankali ta yi magana, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"Wa ya kawo shi?"

Injiniya ya ce, "Ni ne, Mama. Na ga kamar..."

"Tun kafin a taɓa kansa likita ta gaya mana. In aka sa masa abin nan, shi da walda har abada. Ko kusa da injin in yana aiki ba a so ya tsaya. Ta faɗa, ta maimaita, ya ce ya ji ya yarda."

Na ce, "Tun kafin aikin? Kin sani?"

"Na sani."

"Duk watannin nan?"

"Ya ce kada in faɗa wa yaron nan, shi zai gaya masa da bakinsa in ya samu yadda zai faɗa." Ta juyo ta dube ni. "Da kun tambaye ni ai."

Matar da muke yi wa dariya ba ta riƙe magana, ita ce ta haɗiye wannan, tana zuba mana shayi muna yi wa mijinta addu'ar komawa aiki tana cewa amin. Dogo, da ya biyo mu da gilashin a hannu, ya mayar da shi bayansa a hankali.

Daga nan asibiti muka wuce. Likita ta duba na'urar, ta duba wayoyin, ta sa ya taka ya dawo, ya taɓa hancinsa da yatsa. Ta ce an yi sa'a babu abin da ya lalace. Ta ce ƙarfin wutar walda na iya kashe na'urar, yana iya ɓata ta, yana kuma iya bin wayoyin, kuma kowa ya san inda wayoyin suka ƙare. Da ta ji inda ya rataya wayar injin, sai ta ajiye biro ta dube shi.

"Baba, mun yi magana da kai."

"Mun yi."

"To me ya faru?"

Ya kalli hannunsa. "Miƙo mini aka yi."

Ta ce mu ɗan zauna a waje ta ga yadda jikin zai kasance kafin mu tafi. Muka jeru a benci a dogon baranda, Yaya a tsakiya, ana ta wucewa da marasa lafiya a keke. Injiniya ya sunkuyar da kai, hannayensa masu tabon ƙuna a tsakanin gwiwoyinsa. Can ya ɗago, idonsa jajir.

"Baba, shekara nawa ina ajiye maka teburin nan."

"Na sani."

"To in ka san ba za ka koma ba, don me ka yarda aka huda maka kai? Kana farke fa, Baba. Ni duk na ɗauka saboda aikin ne."

Matarmu ta ce, "Kai, bar shi ya huta."

Yaya ya ɗaga mata hannu. Bai kalli ɗan ba, bangon da ke gabanmu yake kallo.

"Teburin naka ne, tun ranar da na fita. Na kasa faɗa ne, don duk sanda na buɗe baki sai in ga fuskarka. Kuna zuwa gaishe ni, kuna tarar da ni a wanke, da riga mai tsabta. Akwai wanda ya taɓa tambayar yadda aka yi? Tambayi uwarka yaushe rabon da in shiga banɗaki ni kaɗai kafin aikin nan. Tambaye ta wa ke riƙe ni, wa ke wanke ni, da girmana da furfurata. Likita ta ce in zaɓa. Na ba da walda, na karɓi wannan. Ko yau aka sake tambayata, haka zan zaɓa."

Na juya na kalli Matarmu. Ta kau da kai tana share ido da bakin mayafi. Gidansu nake zuwa kusan kullum, in zauna in yi surutu in tsokane ta in tafi, ban taɓa sani ba. Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan ajiye idona.

Injiniya ya zame daga bencin ya durƙusa, ya kifa goshinsa a gwiwar ubansa, kafaɗunsa na girgiza. Yaya ya bar shi ya yi mai isarsa, sannan ya dafa kansa.

"Tashi, mutane na kallo. In ka koma ka ƙarasa wa mai ƙofa ƙofarsa. A babban teburin."

Ya dafa bencin ya miƙe, ya tambayi wata ma'aikaciya ina banɗaki yake, ta nuna masa ƙarshen baranda. Matarmu ta yi zumbur za ta tashi, jakarta har ta zame daga cinyarta, sai ta tsaya rabi a tsaye, ta koma ta zauna. Muka bi shi da ido yana tafiya shi kaɗai har ya kai. Ya shiga, ya ja ƙofar, muka ji ya sa sakata.